Hannun da Bai Buɗe Ba

Ruwan wanka ya huce daidai yadda Hawa'u take so. Ta tsoma gwiwar hannu ta ji, sannan ta miƙe ƙafafu a kan tabarma ta ɗora jikanta a cinya.

"To, angona, yau ma da faɗa za mu fara?" ta ce. "Mace ta tashi tun asuba ta hura maka wuta, ko gaisuwa babu?"

Isa ya kalle ta da manyan idanunsa, ya washe baki, babu haƙori ko ɗaya. Watansa shida, kuma duk unguwar Rumde Ajiya an shaida babu jaririn da ya kai shi fara'a. Ta ɗebo ruwa ta zuba masa a ciki. Nan take jikinsa ya sanƙare, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ƙafafunsa suka miƙe suka harɗe da juna. Ta jira har ya saki. Da ta zo kan hannun dama, ta same shi yadda yake kullum, a dunƙule, babban yatsa a maƙale cikin sauran huɗun. Ta sa ɗan yatsanta ta buɗe a hankali, ta wanke dauɗar da ta taru a tafin. Tana saki ya koma ya rufe.

"Me ka ɓoye mini a ciki? Sadakina ne?"

Ta yi dariya da ƙarfi don Hansai ta ji. Hansai, matar ɗanta Mahmudu, tana gindin darbejiya tana tankaɗe garin dawa, ta ba su baya. Isa ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai ta shige ɗaki. Haka aka tarar ana yi a Garwa, Hausawanta da Fulaninta. Amma Hawa'u ta lura rariyar ta tsaya cak tun lokacin da yaron ya sanƙare, ba ta ci gaba ba sai da ya yi gwaranci.

Ta ɗago shi ta hammata za ta goge masa jiki. Kansa ya faɗi baya kamar na ɗan kwana bakwai. Ta yi maza ta tallafe ƙeyar da tafinta. Hannun nata ya san wannan tallafin tun kafin a haifi uban yaron, shi ya sa ta ji gabanta ya faɗi.

* * *

Kwana biyu Hansai ta yi tana naƙuda a gida, a tsakiyar damina, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai su tsaya a tashar Garwa. Mahmudu yana hanyar Maruwa da babbar motar kayan da yake tuƙawa. Da yaron ya faɗo bai yi kuka ba. Ungozoma ta yayyafa masa ruwan sanyi, ta sa aka buga turmi kusa da kansa, sai can ya yi wata 'yar ƙara kamar ta kyanwa. A kwana na uku idanunsa suka yi rawaya. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa aka ɗura masa. Aka yi suna, aka yanka rago, kowa ya manta.

Hawa'u ce ba ta manta ba. Nono ba ya kamawa da kyau, in ya kama kuma sai ya ƙware, ruwan nonon ya biyo gefen baki. 'Yar maƙwabta da aka haifa sati uku bayansa tuni tana birgima, tana cafkar ɗankunnen uwarta da hannu bibbiyu, shi kuwa hagu kaɗai yake miƙawa. Sa masa riga sai an yi kokawa da gwiwar hannunsa. Wata rana kuma jikin ya saki gaba ɗaya kamar jiƙaƙƙen tsumma. In zancen ya taso, sai mata su ce ƙiba ce, ɗa namiji dama nauyin jiki gare shi. Hawa'u takan ce, "Haka ne," ta kawo wani zancen.

A gidan da ke jikin nasu akwai wata ma'aikaciyar jinya mai haya, Léontine, Kirista daga duwatsun Mokolo. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana cakuɗawa da Fillanci da Faransanci. Duk Lahadi in ta dawo daga majami'a takan biyo ta sayi ƙuli-ƙulin da Hawa'u ke soyawa.

"Jam na, Dada?"

"Jam, 'yata. Shigo, ga mijinki nan yana cigiyarki."

Léontine ta ɗauki Isa, ta ɗaga shi sama kamar wasa, amma idonta yana kan ƙafafun da suka harɗe. Ta kwantar da shi, ta kama hannuwansa ta jawo shi zaune, kan ya biyo daga baya. Ta ciro makullanta ta kaɗa ta dama. Idanunsa suka bi, ya yi dariya, hannun dama bai motsa ba.

"Dada, ku kawo shi lopital ranar Talata. Ranar awon yara ce. Ina so dokta ya gan shi."

"Lafiyarsa lau," Hawa'u ta ce da sauri. "Ko mura bai taɓa yi ba."

"Ban ce ba shi da lafiya ba. Wayo ma ya fi ni, ki ga yadda yake bin makulli. Jikin ne ba ya jin maganarsa."

Hawa'u ta ƙulla mata ƙuli-ƙulin, har da gyara, ta raka ta bakin ƙofa. Talata ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba ta je ba. Ba asibitin take tsoro ba. Ta san ranar da abin ya sami suna, ya fita daga hannunta ke nan, ya koma bakin mutane.

* * *

Bakin mutane bai jira suna ba. Wata mai ciki da ta saba shigowa aron taɓarya ta daina. Uwar jaririyar maƙwabta, in ta shigo, sai ta bar 'yarta a goye, ba ta saukewa. Daga nan sai ga Baffa Hamadu, ƙanen marigayi mijin Hawa'u, mai sayar da goro a babbar kasuwa, ya zo wata Juma'a bayan la'asar, ranar da Mahmudu ya dawo daga tafiya. Suka zauna a zaure. Hawa'u tana bayan katanga tana ɓarzar gyaɗa, kowace kalma tana faɗowa a kunnenta.

"Na haye gada na nemi bayani," Baffa yake cewa. "Wata mai duba ce a can, ta duba sau uku, magana ɗaya ce. Ɗan ruwa ne. Matarka ta je wanki bakin kogi da tsakar rana tana da ciki, aka yi mata musanya. Ba ka ga yadda yake murɗewa ba? Ɗan mutum yana haka?"

Baffa ya ci gaba.

"Ba kashe shi za a yi ba, wa ya isa? Mayar wa masu abu abinsu za a yi. Ƙwai bakwai, farin ƙyalle, a ajiye shi a kan yashi, a juya baya. In nasu ne za su ɗauka. Ka bar shi a gidan nan, wallahi matarka ba za ta sake haihuwar kirki ba, 'ya'yan da za ka haifa ma babu mai aurensu."

"Baffa, yaron nan in ya ji ƙarar motata daga bakin titi yana sani," Mahmudu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Dariya yake yi."

"Haka suke. Da dariyar suke kama zuciyar mutum."

Hawa'u ta ajiye dutsen ɓarza. Tunda aka gina zauren nan ba ta taɓa shiga maza suna zaune ba. Ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta tsaya a tsakiya.

"Mahmudu, ba kai ne ɗana na fari ba."

"Na sani, Dada. An ce zazzaɓi ya ɗauke yayana."

"Ba zazzaɓi ba ne. Tambayi baffanka. Shi ya riƙe ƙwan."

Carbin da ke hannun Baffa ya tsaya.

"Sunansa Bukar," ta ce. Rabonta da faɗin sunan a fili tun zamanin Faransa. "Shekararsa biyu da rabi. Ba ya zama, ba ya magana. Wuyansa, hannunsa, ƙafafunsa, duk irin na wannan ne. In ya ji takuna sai ya yi ta dariya har ya ƙware. Da hantsi aka kwance shi daga bayana, a ƙauyenmu can gaban Pitowa. Aka ce in shiga ɗaki, ɗan fari ne, abin kunya ne a ga hawayena. Na shiga. Da kuka dawo kuka ce ya rikiɗa maciji ya sulale cikin ruwa. Shekara talatin da huɗu ban tambaye ka ba, Hamadu. Yau ina tambayarka, tsakaninka da Allah, ka ga macijin?"

"Hawa'u, ni saurayi ne a lokacin. Manya suka ce mu juya baya."

"Ka ga macijin?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ladanin wani masallaci can nesa yana gyaran murya. 

"Ban gani ba. Kuka dai na ji. Har muka hau gangare ina jinsa."

Mahmudu ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Babu wanda ya ji tahowar Hansai. Sai ganinta suka yi a ƙofar ciki, yaron a ƙirjinta, ta rungume shi da hannu biyu a gaban mijinta da surukarta da baffan miji, abin da ba ta taɓa yi ba. 

"Ban taɓa zuwa kogi da cikinsa ba," ta ce. "A famfo nake wanki, Dada shaida ce. Ni na haife shi, kwana biyu ina durƙushe. Tun yana wata uku na ga wuyansa, na ga hannunsa, na rasa bakin faɗa." Ta ƙara ƙanƙame shi. "Sunansa Isa. Isa nawa ne."

Yaron ya ji sunansa a muryar da ya fi sani, ya yi ƙoƙarin ɗago kai, kan ya tafi gefe, ya ƙyalƙyale da dariya. Baffa Hamadu ya lalubi takalmansa ya fita, ya manta da ƙullin goron da ya zo da shi.

* * *

Ranar Talata su uku suka je, Mahmudu a gaba da katin haihuwa, Hansai da goyo, Hawa'u a baya da lema. Mata sun cika barandar asibiti, ana rataya jarirai a ma'auni suna tsala kuka. Léontine ta hango su, ba ta ce komai game da Talata biyun da suka wuce ba, ta shigar da su wurin Dokta Fulbert, wani siririn mutumin kudu mai tabarau, hoton shugaban ƙasa a rataye bisa kansa.

Ya daɗe yana duba yaron. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya lanƙwasa gwiwoyinsa ya miƙar, ya tambayi yadda aka haife shi, da minti nawa ya yi bai yi kuka ba, da ranar da idanunsa suka yi rawaya. Yana magana da Faransanci, Léontine tana mayarwa.

"Ya ce akwai wuri a ƙwaƙwalwa da ke ba hannu da ƙafa umarni. Wurin ya ji ciwo lokacin haihuwa, da numfashi ya yi jinkiri, wataƙila shawarar ma ta ƙara. Ba aljani ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba a ɗauka. Ciwon da ke kan ba zai ƙaru ba. Amma in an bar gaɓoɓin haka, za su ƙage."

"Allura nawa za a yi masa?" Mahmudu ya tambaya.

"Babu allura. Hannu ne maganin, hannunku."

Léontine ta nuna musu a kan tebur. Yadda za a miƙar da gwiwar hannu a hankali, ba da ƙarfi ba, safe da yamma. Yadda za a goya shi ƙafafu a ware. Yadda za a zaunar da shi a tallafe haɓarsa in za a ba shi kunu, don kada ya ƙware. A riƙa ajiye abin wasa ta gefen dama. A riƙa yi masa magana, da yawa, duk yini.

"Wannan kam an gama," Mahmudu ya ce. "Dada ba ta yin shiru."

Har likitan ya yi dariya da aka fassara masa.

"Zai yi tafiya?" Hansai ta tambaya, idonta a ƙasa.

Léontine ta mayar, ta saurari amsa. "Ya ce bai sani ba, ba zai yi miki ƙarya ba. Wasu suna yi, wasu da sanda, wasu ba sa yi. Amma wanda aka kawo yana wata shida ba ɗaya yake da wanda aka kawo yana shekara biyar ba. Ya ce yawanci sai sun ƙage ake kawo su, in ma an kawo."

Sun miƙe za su fita Hawa'u ta riƙo hannun rigar Léontine.

"'Yata, tambaye shi. Irin waɗannan yaran, in an bar su, suna girma?"

Léontine ta amsa da kanta. "Suna girma, Dada. Akwai wani a garinmu, ɗinkin hula yake yi da hannu ɗaya. Yana da furfura yanzu."

Hawa'u ta gyaɗa kai.  Ta buɗe lema ta riƙe a kan goyon Hansai har gida, ita tana tafe cikin rana.

* * *

Gidan ya koma makaranta. Mahmudu ya samo akwatin katako na sabulu, ya yanke, ya lulluɓe da auduga da tsohon zane, ya zama kujerar Isa. Hansai ta watsar da kunyar ɗan fari gaba ɗaya. Mata suka yi ta gulma, ta toshe kunne. Da safe ita ke miƙar da ƙafafu tana ƙirgawa da Faransancin da ta tsinta a bakin Léontine, da yamma Hawa'u ta karɓa da waƙoƙin da take ƙagowa nan take, duk na zagin ango marowaci. Akwai ranakun da yaron zai yi ta kuka, jikin ya ƙi, Hansai ta shiga ɗaki ta yi nata kukan ta fito. Da damina ta zagayo wuyansa ya tsaya. Bayan ƙaramar salla ya zauna shi kaɗai har Hawa'u ta karanta Fatiha ta shafa, sannan ya kife gefe yana dariya. Kalmarsa ta farko "Dada" ce, wato uwa da Fillanci, kuma har yau ba a gama shari'ar wadda yake nufi ba tsakanin matan biyu.

Wasu sun daina sayen ƙuli-ƙulinta. Baffa Hamadu bai sake tako gidan ba, amma duk Juma'a sai an aiko da soyayyen kifi, a ce na yaro ne.

Hawa'u ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk gidan sunan da ta shiga, duk jaririn da aka miƙa mata, sai ta buɗe tafinsa, ta jawo shi ta ga wuya, ta tambayi uwar ko ya yi kuka da ya faɗo. Ba a daɗe ba aka fara cewa tsohuwar tana da mugun ido. In ta yi sallama, sai a shige da jarirai ɗaki.

Wata Alhamis ta kai man gyaɗa wani gida a bayan kasuwa, Isa a bayanta. Matar gidan, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Hansai ba, ta kawo kwalba ana aunawa. Sai Hawa'u ta ji wani sauti daga ƙuryar gidan, rabi dariya rabi ƙwarewa. Ta waiwaya. Wani ɗan ɗaki ne na ajiyar itace, an jingine ƙofar langa-langa an danne da turmi. Ta ƙarƙashin ƙofar ana hango ƙafafu biyu ƙanana, sirara, a harɗe, ƙasa ta yi musu fari.

"Ɗan wa ke nan, 'yar nan?"

Matar ba ta ɗago ba. Man ya cika kwalba ya fara zuba a yatsunta.

"Babu yaro a gidan nan, Dada. Akuya ce."

Hawa'u ta rufe tulunta a hankali. Ta juya yadda matar za ta ga fuskar Isa sosai, da tsabtatacciyar rigarsa, da ɗan murjanin da ke wuyansa.

"Ranar Talata da hantsi ta ƙofar nan muke wucewa zuwa asibiti," ta ce. "Ba a tambayar sunan kowa. In kin ji sallamata, ki fito kawai, ni zan goya miki."

Ranar Talata ta zo tun rana ba ta yi zafi ba, da zanen goyo na biyu a ninke a hammatarta. Ƙofar gidan a rufe take. Ta yi sallama. Ta jira, ta sake yi. Ana jin motsin kwanuka a ciki. Ta tsaya a jikin katanga har inuwar ta janye daga ƙafafunta, Isa yana wasa da bakin mayafinta. Da ta yi sallama ta uku, wani a cikin gidan ya ƙara ƙarar rediyo.